Yadda Littattafan Turanci Suka Iso Ƙasar Katsina

Batsari da Safana gundumomi ne da ke yammacin ƙasar Katsina, a gefen dajin Rugu. Sarkin Ruma shi ke riƙe da Batsari, Yariman Katsina kuwa shi ke da Safana. A zamanin mulkin Turawa, yaron da aka ɗauka makarantar elementare a waɗannan wurare da Hausa yake karatunsa, shekara huɗu. In ya yi ƙoƙari sai a tura shi Midil a birnin Katsina, can ne zai fara Turanci sosai. Wanda Allah ya ba sa'a kuma ya wuce zuwa Kwaleji, amma irin waɗannan ba su da yawa.

Ita wannan Kwaleji ta Katsina, Gwamna Sir Hugh Clifford ne ya yi bikin buɗe ta a shekara ta 1922, domin a horar da malaman makaranta. Kayan koyar da Turanci ba su taka kara sun karya ba: baƙin allo, da alli, da 'yan littattafan da aka ɗauko daga Ingila a jirgin ruwa. Babban kayan aiki shi ne bakin malami. Wani Bature, Gerald Power, ya yi suna wajen gyara lafazin yara, a maimaita kalma ɗaya har sai ta zauna daidai a harshe. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga Kwalejin a 1928, a nan ya sami Turancin da daga baya ya ba Turawa kansu mamaki.

Waƙoƙin Turanci kuwa haddace su ake yi, a tashi tsaye a karanta da ka. Hadda ba baƙon abu ba ce ga yaron da ya fito daga makarantar allo. Wahalar tana wani wuri dabam, watau abin da waƙar ke magana a kai. Mawaƙin Ingila yana yabon fitowar rana bayan ƙanƙara da hazo, yana ƙorafi a kan ruwan sama. Ɗan Ruma kuwa ruwan sama shi ne abin da ubansa ke roƙo dare da rana. Sai yaro ya kawo baitoci tsaf ba tuntuɓe, alhali zuciyarsa ba ta san abin da bakinsa ya faɗa ba.

Labarai sun fi waƙoƙi shiga rai, musamman waɗanda aka sauƙaƙa. Tun a 1807 wani mutumin London, Charles Lamb, da 'yar'uwarsa Mary suka mai da wasannin Shakespeare gajerun labarai saboda yara, littafin nan kuma ya zaga makarantun ƙasashen da Ingila ta mallaka.

To, a nan ne abin ya juya ta inda ba a zata ba. A 1933 Rupert East, shugaban ofishin fassara da ke Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa, don yaran elementare sun iya karatu amma ba su da abin karantawa. Cikin waɗanda suka ci har da Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina, da Ruwan Bagaja, da yayansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki, da Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. A 1936 East ya kira Imam Zariya, ya tara masa littattafan Larabci da na Turanci. Imam ya karanta, ya zaɓa, ya sāke wa labaran suna da gari da tufafi, ya sa su a bakin aku, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Wannan shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Labaran da a dā sai ɗan Kwaleji ke jin daɗinsu, ga su sun isa elementare ta ƙauye, har manomin da ya gama ajin Yaƙi da Jahilci yana karanta wa iyalinsa da dare a gaban fitila. A gaskiya babu wani kayan koyarwa da aka shigo da shi daga waje da ya yi aikin da wannan littafi ya yi.

An ɗauke Kwalejin zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ita ce Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Bayan an kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, sai jerin littattafan da hukumar ta zaɓa ya zama shi ne jagoran malami. Sannu a hankali marubutan Afirka suka shiga jerin. Littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya fito a 1958, ga doya da dodanni da taron dattawa a cikinsa, abubuwan da ɗan Nijeriya zai gane ko da ba ƙasarsu ba ce. A 1971 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu, malami ya sami abin da zai ajiye kusa da na Turancin.

Da aka fara ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita, sakandare ta matso kusa da gida, ɗan Batsari ko Safana ba sai ya je birni ba. Sai dai yara sun fi littattafai yawa nesa ba kusa ba, har malami kan koma ga alli, ya rubuta waƙa a allo yara su kwafa, kamar zamanin Power. Daga baya ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan gefen Rugu, mutane da yawa suka yi ƙaura, azuzuwa suka zama kango. A watan Disamba na 2020 aka sace yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, kudu da Safana, gwamnatin Jihar Katsina kuma ta ba da umurnin rufe makarantun kwana.