Ƙidayar karta a wasan blackjack

Ƙidayar karta dabara ce ta 'yan caca a wasan blackjack, inda mutum yake riƙe lissafin kartocin da suka fita don ya gane abin da ya rage. Idan manyan kartoci suka fi yawa a ragowar, sa'a ta karkata ga ɗan wasa, sai ya ƙara kuɗin da ya zuba.

Edward Thorp, masanin lissafi ɗan Amurka, shi ya tabbatar da haka a littafinsa Beat the Dealer na 1962. A tsarin ƙidayar da ake kira Hi-Lo, kartoci daga 2 zuwa 6 ana ƙara ɗaya, 7 zuwa 9 ba komai, goma da masu hoto da A kuwa ana rage ɗaya.

Dabarar tana aiki, amma ribar 'yar kaɗan ce, wajen kashi 1 cikin 100, kuma sai an daɗe ana wasa da jari mai kauri. Ƙwararre ma kan yi makonni yana asara. Ƙidaya da ka ba laifi ba ce a dokar Amurka, sai dai gidajen cacar Las Vegas kan kori wanda suka gano. Wasu gidajen kuma, don dagula ƙidayar, sukan haɗa kwalin karta shida ko takwas, ko su sa inji ya riƙa cakuɗawa.