BABI NA UKU: TARIHIN MUHAWARAR MAGOYA BAYAN ƘWALLON ƘAFA A IKARA DA MAƘARFI DA KUDAN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda wasan ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar Zazzau, da yadda makarantun boko suka taimaka wajen yaɗa shi. Wannan babi kuwa zai duba tarihin muhawarar da magoya baya suke tafkawa a ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan. Muhawarar takan ta'allaƙa ne a kan abubuwa huɗu, wato sakamakon wasa, da cinikin 'yan wasa, da albashinsu, da kuma mallakar ƙungiya. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa mallaka ita ce uwa, sauran ukun kuwa 'ya'yanta ne, domin duk lokacin da masu riƙe da ƙungiyoyi suka sauya, abin da ake gardama a kansa shi ma yakan sauya.

3.1 Yanayin Yankin

An kafa Ƙaramar Hukumar Ikara a shekarar 1976. Daga baya aka fitar da Maƙarfi daga cikinta, sannan a shekarar 1996 aka fitar da Kudan daga Maƙarfi, aka ajiye hedikwatarta a Hunkuyi. Mafi yawan mutanen yankin manoma ne da 'yan kasuwa, sun kuma yi fice a noman rake da tumatir da masara. Yankin yana kan iyakar Jihar Kaduna da Jihar Kano, kuma babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta cikinsa.

Wannan zama na kan iyaka yana da muhimmanci ga abin da ake nazari. Babu ɗaya daga cikin garuruwan uku da ya taɓa samun ƙungiya a babban rukunin gasar ƙasa. Saboda haka mai sha'awar ƙwallo a yankin dole ne ya yi aron ƙungiyar da zai goya wa baya, ko dai ta Kaduna, inda gwamnatin jiharsa take, ko ta Kano, inda yake kai kayansa kasuwa. Ke nan tun daga tushe muhawarar ta mutanen da suke son abin da ba a hannunsu yake ba ce. Wuraren da akan yi ta kuwa su ne majalisun unguwa da teburan masu shayi da tashoshin mota, sai kuma gidajen kallo da suka zo daga baya.

3.2 Zamanin Kamfanoni da Attajirai

An fara gasar ƙasa ta Najeriya a shekarar 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. A shekarar 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin. A wancan zamani ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni ne da ma'aikatu. A Kaduna akwai DIC Bees, mallakar kamfanin ƙera makamai na ƙasa wanda aka kafa a shekarar 1964, akwai kuma ƙungiyar masaƙar UNTL. Ɗan wasa a irin waɗannan ƙungiyoyi galibi ma'aikaci ne, yana da albashi kamar kowane ma'aikacin kamfanin. Don haka maganar albashi ba ta cika shiga bakin magoya baya ba. Abin da ake musu a kansa shi ne wa ya fi wa iya taka leda, da kuma ko alƙalin wasa ya yi adalci. Da yake akwatin talabijin bai yawaita a karkara ba, rediyo ne idon mutane, musamman Rediyon Najeriya na Kaduna. Wanda ya samu zuwa filin wasa na Ahmadu Bello ya gani da idonsa, shi ne mai raba gardama idan ya dawo gida.

A shekarar 1983 DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma Enugu Rangers ta doke ta. A cikin shekarun 1980 ne attajiri Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya daga 1999 zuwa 2007, ya karɓi ƙungiyar, aka sauya mata suna zuwa Ranchers Bees. A ƙarƙashinsa ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1987, inda Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar Cif M.K.O. Abiola, ta yi galaba a kanta. Ba a daɗe ba aka rushe Abiola Babes, sai Ranchers Bees ta wakilci Najeriya a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988. Ta kai har wasan ƙarshe, sai CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta. A shekarar 1989 kuwa ta lashe kofin Afirka ta Yamma bayan ta yi nasara a kan ASEC ta Kwaddibuwa.

A nan ne maganar mallaka ta fara fitowa fili. Masu goyon bayan tsarin attajiri suna kafa hujja da cewa mutum guda mai kuɗi da sha'awa ya fi saurin yanke shawara, kuma ga sakamako kowa ya gani. Masu suka kuwa suna nuni da abin da ya sami Abiola Babes da Leventis United ta Ibadan, waɗanda aka rushe suna cikin ganiyarsu. A ganinsu ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya gaji ko ya yi fushi, ranar ce ajalinta, kuma ba mai tambayar 'yan kallo ra'ayinsu.

3.3 Cinikin 'Yan Wasa

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a shekarar 1986 ya karya darajar naira. Kamfanoni suka shiga matsi, albashin gida ya zama ba a bakin komai ba idan aka kwatanta shi da na Turai. Ko da aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a 1990, tuni idon 'yan wasa ya koma waje.

Misalin da ya fi taɓa mutanen wannan yanki shi ne na Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ranchers Bees. Ya buga wa Najeriya gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana matashi, a shekarar kuma ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. A 1994 Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, dukkansu haifaffun Kaduna, su ma sun bi wannan hanya. Babangida ya kai ga Ajax ta Holan a 1996, Babayaro kuma ya koma Chelsea a 1997.

Wannan ya raba magoya baya gida biyu. Wasu suna ganin abin alfahari ne ɗan gida ya yi suna a duniya, kuma bai kamata a tare wa yaro hanyar arzikinsa ba. Wasu kuma suna tambaya cewa, idan ƙungiya ta reni yaro har ya zama abin sayarwa, ina kuɗin suke tafiya, kuma da wa za a maye gurbinsa? Idan aka lura za a ga cewa wannan ma tambaya ce ta mallaka, domin mai ƙungiya ne kaɗai ya san nawa aka sayar, shi ne kuma ya san abin da aka yi da kuɗin.

3.4 Ƙungiyoyin Gwamnati da Matsalar Albashi

Da kamfanoni da attajirai suka ja baya, sai gwamnatocin jihohi suka cike gurbin. A shekarar 1990 aka haɗa ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da "Sai Masu Gida". A Kaduna kuwa an kafa Kaduna United a shekarar 2000, zamanin mulkin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, kuma ɗan wannan yanki ne.

Ƙungiyoyin biyu sun yi abin a zo a gani. Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Kaduna United kuwa ta doke Enyimba ta Aba a bugun daga kai sai mai tsaron gida a 2010, ta ɗauki kofin nan da Bees ta kasa ɗauka har sau biyu. Amma a 2014 ta faɗa rukuni na biyu. Ita ma Pillars ta faɗi a 2022, sai dai ta dawo a 2023.

A wannan zamani ne albashi ya zama babban abin muhawara. Ƙungiyar gwamnati ba da kuɗin ƙofa take rayuwa ba, da kasafin jiha take rayuwa. Idan gwamna mai son ƙwallo ne sai a ga haske, idan kuwa aka samu sauyin gwamnati ko kuɗin shiga suka ragu, sai a yi wa ƙungiya riƙon sakainar kashi. A jihohi da dama 'yan wasa sun sha bin bashin albashi da kuɗin sa hannu na watanni. Domin magance haka ne hukumar LMC, wadda ta karɓi gudanar da gasar daga 2013, ta yanka naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a wata. Sai dai kafa doka daban, cika ta daban.

Masu kare tsarin gwamnati suna cewa in ba don ita ba da tuni ƙwallon Arewa ya mutu, tun da masaƙun Kaduna da suka riƙe wasanni a da sun durƙushe. Masu suka kuwa suna cewa kuɗin jama'a ake kashewa, amma jama'a ba su da ta cewa wajen naɗa shugabannin ƙungiya ko mai horarwa. Manomin rake na Maƙarfi yana cikin masu Kaduna United a bisa suna, tun da dukiyar jiharsa ce, amma babu wata kafa da zai bi ya ji yadda aka kashe ko da kwabo.

3.5 Gidajen Kallo da Ƙungiyoyin Turai

An ƙaddamar da DStv a shekarar 1995, kuma cikin shekarun da suka biyo baya gidajen kallo masu aiki da janareto suka bazu har cikin ƙauyuka. Da kuɗi kaɗan matashi yake ganin wasan Ingila ko na Sifaniya kai tsaye, alhali wasan Kaduna ko na Kano sai ya biya kuɗin mota. Komawar Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 da ta John Mikel Obi Chelsea a 2006 sun ƙara jawo hankali. Sannu a hankali mafi yawan matasan yankin suka zama magoya bayan Arsenal da Chelsea da Manchester United da Real Madrid da Barcelona.

Abin lura shi ne, tsohuwar muhawarar ba ta mutu ba, riga kawai ta sauya. Da attajirin Rasha Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, da iyalan Glazer na Amurka suka mallaki Manchester United a 2005, da kuɗin Abu Dabi suka shiga Manchester City a 2008, sai gardamar nan ta zamanin Ranchers Bees ta dawo sabuwa, wato shin ana sayen kofi da kuɗi, kuma me zai faru idan mai kuɗin ya tafi? An ga amsar wani ɓangare a 2022, lokacin da takunkumin gwamnatin Birtaniya ya tilasta sayar da Chelsea. Magoya bayan Real Madrid da Barcelona kuwa sukan yi tinƙaho da cewa ƙungiyoyinsu na mambobi ne, su suke zaɓen shugaba da ƙuri'a. Haka kuma sayen Neymar da Paris Saint-Germain ta yi a kan yuro miliyan 222 a 2017, da sha'awar sayen Arsenal da Alhaji Aliko Ɗangote ya sha bayyanawa, sun daɗe ana tattauna su a majalisu. Sakamakon wannan shi ne, matashin Ikara yana iya kawo albashin ɗan wasan Turai na mako, amma da wuya ya kawo sunayen 'yan wasa biyar na wata ƙungiyar jiharsa.

Duk da haka hankali bai bar gida gaba ɗaya ba. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Holan, ya dawo ƙungiyar a 2021, ya sake dawowa a 2024. A 2025 kuma ɗan wasan Najeriya Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, tare da ɗan majalisar wakilai Bello El-Rufai, suka karɓi Ranchers Bees. Wannan ya kawo wani sabon salo, inda kuɗin da ɗan wasa ya samo a Turai suke dawowa su riƙe ƙungiyar gida.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa muhawarar magoya baya a Ikara da Maƙarfi da Kudan ta bi sawun masu riƙe da ƙungiyoyi ne. A zamanin kamfanoni wasa kawai ake musu a kai. Zamanin attajirai ya kawo batun ɗorewa da na sayar da 'yan wasa, zamanin gwamnati ya kawo na albashi, gidajen kallo kuma suka kwashi waɗannan tambayoyi suka kai su Turai. A duk tsare-tsaren uku da aka gwada a Kaduna da Kano, babu wanda ya bai wa ɗan kallo hannun jari ko ƙuri'a, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa goyon bayansa ya zama mai sauƙin ƙaura. Babi na gaba zai yi nazarin kalmomi da salon maganar da magoya bayan suke amfani da su a wajen wannan muhawara, musamman kirari da zambo da habaici.