Shari'ar Shugabannin Zangon Kumasi ta 1957 da Ikon Kotu a Ghana

Masu nazarin tsarin mulkin Ghana kan fara tarihin tauye ikon kotuna ne daga hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke wa Baffour Osei Akoto a 1961. Amma shekara huɗu kafin wannan hukunci, an riga an gwada abin a kan wasu dattawa biyu na Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden. Shari'arsu ce ta fara tayar da tambayar da har yau ba ta kwanta ba a zangunan Ghana: wane ne ɗan ƙasa, kuma wa ke da ikon faɗa?

Asalin Zango

Fataucin goro ne ya haɗa ƙasar Hausa da ƙasar Asante, wadda fatake ke kiran mutanenta Tonawa. A ƙarni na 19 ayarin Kano da Katsina kan yada zango ne a Salaga, cikin ƙasar Gwanja, domin sarakunan Asante ba su cika barin baƙi su kutsa har kurmin goro ba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai hanya ta buɗe. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka kafa unguwa a gefen birni. Hausawa da Yarabawa da Mosawa da Wangarawa da Dagombawa suka cakuɗa, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci, aka kuma naɗa Sarkin Zango. Zuwa 1950 akwai magidanta da yawa da aka haifa a nan, ba su san wani gida ba, amma sunan baƙo bai rabu da su ba.

Siyasa ta shiga unguwa

A 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi ƙarƙashin Baffour Akoto, babban mai magana da yawun Asantehene. Burinta shi ne mulkin tarayya da zai rage ƙarfin gwamnatin Kwame Nkrumah da jam'iyyarsa ta CPP. Jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ke da ƙarfi a zangunan Accra da Kumasi, ta mara mata baya, Amadu Baba da Larden suna cikin jagororinta. Zango ya rabu biyu, domin CPP ma tana da nata mutanen, irin su Malam Mutawakilu, wanda ya daɗe yana jayayya da Amadu Baba a kan sarautar Zango. Rikicin gida ya sami riga ta siyasar ƙasa.

Ghana ta sami mulkin kai ranar 6 ga Maris 1957. Dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekara ba ta wadatu da haihuwar mutum a ƙasar ba, sai ta duba inda aka haifi magabatansa. Wannan sharaɗi kuwa mutanen Zango ya fi shafa, tun da yawancinsu ba su da takardar haihuwa, sai shaidar dattawa. Sai ga wata doka ta biyu da ta ba gwamnati ikon korar duk wanda ba ɗan ƙasa ba idan ta ga zamansa bai dace da amfanin jama'a ba. Cikin waɗanda aka fara sa wa hannu akwai ɗan jarida Bankole Timothy, mutumin Saliyo, da dattawan nan biyu.

Gaban alƙali

Dattawan suka garzaya Babbar Kotu a Kumasi. Hujjarsu a taƙaice take: su 'yan Ghana ne, dokar korar baƙi kuwa ba ta hau kan ɗan ƙasa ba. Abin da ya rage shi ne kotu ta saurari shaidu a kan haihuwarsu da ta iyayensu. Ba a kai ga haka ba. A watan Agusta 1957 majalisa ta zartar da wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutanen biyu a kanta. Dokar ta ba minista ikon fitar da su ko da sun ce su 'yan ƙasa ne, ta kuma kashe ƙarar da ke gaban kotu. Nan da nan aka ɗauke su zuwa Arewacin Najeriya.

Lauyoyin Larden suka koma kotu suna ƙalubalantar sabuwar dokar kanta. Mai Shari'a Smith ya yanke cewa tsarin mulkin 1957 ya ba majalisa ikon yin doka domin zaman lafiya da kyakkyawan mulki, kuma ba aikin kotu ba ne ta auna ko wata doka ta cika wannan manufa. Wannan ra'ayi gadon Ingila ne, inda majalisa ke sama da kowa. Illarsa a Ghana ita ce, mutum zai iya zama da gaskiya a hannu, a rufe masa ƙofar da zai nuna ta. Shari'ar ta ja hankalin duniya, musamman da aka tuhumi Ian Colvin, wakilin jaridar Daily Telegraph, da raina kotu saboda rahotonsa, aka kuma hana lauyansa Christopher Shawcross sake shiga ƙasar.

Abin da ya biyo baya

Hanyar da aka share ba ta daɗe ba aka sake bin ta. A 1958 aka fitar da Wahabi Balogun da wasu mutum uku alhali ƙararsu tana gaban kotu. Mai Shari'a Smith ya sami Ministan Cikin Gida Krobo Edusei da Kwamishinan 'Yan Sanda da laifin raina kotu, sai majalisa ta yi dokar da ta wanke su. A dai wannan shekara aka kafa dokar tsare mutum har shekara 5 ba tare da shari'a ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 1959 wutar ta iso ga Baffour Akoto da wasu mutum bakwai, waɗanda babu mai shakkar asalinsu.

Dokta J. B. Danquah ya ɗaukaka ƙararsu har Kotun Ƙoli. Ya kafa hujja da alkawarin kare 'yancin jama'a da tsarin mulkin 1960 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya furta. A Agusta 1961 kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Arku Korsah, ta ce wannan alkawari tamkar rantsuwar naɗin sarauta yake, ba a tilasta shi a kotu, maganin saɓa shi yana akwatin zaɓe. A lokacin kuma babu sauran wurin zuwa, domin an daina kai ƙara Landan tun da Ghana ta zama jamhuriya a 1960. Danquah da kansa ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965.

Sauyin gwamnati bai kawar da matsalar ba. Gwamnatin Kofi Busia, wadda ta fito daga zuriyar tsofaffin abokan tafiyar Amadu Baba, ita ce ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu ranar 18 ga Nuwamba 1969. Fiye da mutum dubu ɗari suka bar ƙasar, aka sayar da gidaje da rumfuna a Zango da arha. A 1970, da kotu ta ce an sallami E. K. Sallah daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, yana cikin ma'aikata 568 da aka kora, Busia ya fito a rediyo ya ce babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ɗaukar wanda ba ta so.

Tsarin mulkin 1992 ya juya ƙa'idar da ta ci Larden. Ya ce shi ne dokar ƙoli, duk dokar da ta saɓa masa ba ta da tushe, ya kuma ba Babbar Kotu ikon kare haƙƙin ɗan Adam tare da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Amma tambayar hujja tana nan. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce katin inshorar lafiya ba ya tabbatar da zama ɗan ƙasa wajen rajistar zaɓe, a 2020 kuma ta amince da cire takardar haihuwa daga takardun da ake karɓa. Jikokin fataken goro a Kumasi suna da kotun da za ta saurare su yanzu, sai dai har yau ana tambayarsu inda aka haifi kakanninsu.