Allo, Maki da Kara: Nazari Kan Auna Aikin Ɗalibin Zane

Ɗalibin da ya taso daga Boɗinga ko Shagari ya tafi karatun zane-zane a Sakkwato ko Zariya yakan tarar ana auna aikinsa ta hanya biyu. Ɗaya ita ce maki: ayyukan zango su ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari, jarrabawa ta kwashe sauran, bisa tsarin auna ɗalibi a kai a kai da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta shimfiɗa. Ɗayar kuwa zaman duba aiki ne, inda ake jingine zane a bango, 'yan aji su kewaye shi kowa ya faɗi abin da ya gani. A ganina ta biyun ce ke koyar da hannu, ita ce kuma ta fi rauni a wurinmu.

Maki yana da amfaninsa, amma bebe ne. Wanda aka ba 56 a zanen tulu bai san ko inuwar ce ta gaza ba, ko wuyan tulun ne ya karkace. Ga wata illa: lamba ba ta gogewa. Kuskuren makon farko yana bin ɗalibi har ƙarshen zango, don haka sai ya daina gwada sabon abu, ya koma zana abin da ya san malam na so.

Zaman duba aiki ya kamata ya toshe wannan giɓi, sai dai kara takan shiga tsakani. An rene mu a kan cewa ba a kushe mutum a bainar jama'a, balle wanda ya girme ka. Shi ya sa za ka ji "ya yi kyau" da "Allah ya ƙara basira" sun zagaye aji, sai an fita waje a faɗi gaskiya a bayan idon mai aikin. Wasu na cewa al'adarmu ce ba ta ɗaukar suka. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin makarantar allo, wadda kusan kowane ɗalibin nan ya ratsa kafin ya riƙe fensir.

A can gyara abincin yau da kullum ne. Almajiri ya rubuta allonsa da tawada da alƙalamin kara, ya kai wa malam, malam ya ɗora yatsa a kan harafin da ya ɓaci ko wasalin da aka tsallake. Gardi kuma yakan duba na ƙolo, abokin tilawa ya katse ɗan'uwansa da zarar ya yi tuntuɓe, ba wanda ke jin an ci masa fuska. Dalili biyu nake gani. Gyaran a kan harafi yake sauka, ba a kan mutum ba. Sannan allo ana wanke shi a sake rubutawa, saboda haka kuskure ba ya zama tabo. Ko mai zayyanar allon sauka da haka hannunsa ke faɗawa.

Ƙasar Boɗinga ma tana da misali mafi girma. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga. A shekarun nan sun saɓa a rubuce kan kiɗa da tufafin ado da laƙaban sarauta, kamar yadda ake gani a Diya'us Sultan na Abdullahi da Najmul Ikhwan na Shehu. Ƙane ya ja da fahimtar wansa kuma malaminsa da hujja, ladabi bai zube ba.

Amma kwatancen yana da iyaka. Mai gyaran allo yana da matani tabbatacce da yake komawa gare shi. Zane ba shi da irin wannan. Rikicin ma'auni ne ya sa ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka haɗu a ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda aka kafa a 1958, suna ƙin a auna su da idon Turai kaɗai. Tambayarsu tana nan da ranta: da wane mudu za a auna wanda ya ɗauko dagi ko adon sirdi ko aikin fatar Sakkwato ya sa a zanensa?

Abin da zai tsaya a gurbin matani shi ne niyyar mai zanen. Ya fara faɗin abin da ya nufa, sannan 'yan aji su nuna da yatsa inda layi ko launi ya kai ga nufin da inda ya kauce. Malam kuma ya jinkirta maki har sai an ba ɗalibi mako guda ya sake aikin, a ɗora lambar a kan na biyun.