Ilmi da Sarauta a Koriya ta Zamanin Joseon

Sabuwar fassarar koyarwar Konfushiyas, wadda malam Zhu Xi (1130-1200) ya tsara a ƙasar Sin, ta shiga Koriya ne a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun An Hyang. Da aka kafa daular Joseon a 1392, sai aka rage ƙarfin addinin Buddha, aka mai da littattafan Zhu Xi ma'aunin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Daga nan ilmi da muƙami suka zama ɗanjuma da ɗanjummai.

Malaman Koriya sun zurfafa ƙwarai. Daga 1559, Yi Hwang, wanda aka fi sani da Toegye, ya shafe shekaru yana musayar wasiƙu da Ki Dae-seung, saurayin da ya girme wa da shekara 26, a kan mas'ala guda: shin tausayi da kunya daga tushe ɗaya suke fitowa da fushi da tsoro? Dattijon ya saurari hujjar yaro, har ya gyara maganarsa. Ba kowane shaihi ke iya wannan ba.

Amma inda fassara ke raba muƙamai, gardama ba ta tsayawa a zaure. Da Sarki Hyojong ya rasu a 1659, aka yi saɓani a kan tsawon makokin da kishiyar mahaifiyarsa za ta yi. Song Si-yeol ya ce shekara ɗaya, domin marigayin ɗa na biyu ne. Yun Hyu ya ce shekara uku. A ƙarƙashin wannan kuwa akwai tambaya mai haɗari, watau ko sarkin cikakken magaji ne. Gabar ɓangarorin ta ci gaba har aka kashe Yun a 1680, aka kuma umarci Song ya sha guba a 1689.

A Sin kanta ba a ɗaure hannun malamai haka ba, domin koyarwar Wang Yangming ta sami mabiya masu yawa, alhali Toegye ya soke ta, fadar Joseon kuma ta ƙyamace ta. A Japan kuwa, inda Fujiwara Seika ya ƙaru da Kang Hang, malamin Koriya da aka kamo a yaƙin 1597, muƙami gado ne na gidajen mayaƙa. Saboda haka Ito Jinsai ya iya sukar Zhu Xi a makarantarsa ta Kyoto, ya kuma rasu a gida a 1705. Koriya ba ta soke jarrabawar ba sai a 1894.