Takobin Nijar Ya Cika Shekara 50: Wa Ya Riƙe Shi Bai Faɗi Ba?

A 'yan shekarun nan, idan Disamba ta kusa ƙarewa sanyi ya kankama, teburan masu shayi a Gyadi-Gyadi da Tarauni cikin Kano sukan canza kama. Mai shayi zai jingine waya da gwangwanin madara, 'yan garuwa su ajiye kura, masu gadi su baro bakin ƙofa, a dunƙule ana kallon ƙarti biyu suna zagaye juna cikin yashi. Akasarinsu 'yan'uwanmu ne na Nijar, abin da suke kallo kuwa shi ne kokawar Takobi. A 2025 gasar ta cika shekara 50, kuma gardamar da aka saba ta sake tashi: wa ya kamata a gode wa?

Kokawa dai ta girmi kowace gwamnati. Tun kaka da kakanni, idan an gama girbi an cika rumbu, samarin wannan ƙauye sukan tasar wa na wancan da kiɗa da kirari, 'yan mata na guɗa. Babu kambu, babu rajista. Sunan gwani yana bakin makaɗinsa, in makaɗin ya mutu sunan ya bi shi. Haka abin yake daga Katsina har Damagaram, kafin zuwan Turawa da bayan tafiyarsu.

Labarin da ke da kwanan wata ya fara ne a 1975, a garin Tawa. Shekara guda ke nan da Seyni Kunce ya kifar da shugaba Diori Hamani, a watan Afrilun 1974, ƙasa kuma tana farfaɗowa daga farin da ya ƙarar da dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. A nan aka tara 'yan kokawar jihohin ƙasar a fili ɗaya karo na farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Bayansa aka ji su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram. Yau filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Mu nan sai ka wahala kafin ka samu ko lungu mai sunan ɗan kokawa.

Masu cewa aikin Kunce ne suna da hujja. Soja ne mai neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Babarbare, ya kuma samu. Amma ai ba kokawa kaɗai ya tayar ba. Ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, ya ba ta ƙarfi fiye da wanda ya ba kokawa. Ya rasu a 1987, Samariya ta dushe bayan 'yan shekaru, Takobi yana nan. An yi juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023, duk wanda ya hau sai ya tarar da shi ya kuma rungume shi. An tsallake wasu shekarun, shi ya sa gasar Agadas ta Disambar 2023 ta zama karo na 44, amma an yi ta wata biyar kacal bayan hamɓarar da shugaba Bazoum, takunkumin ECOWAS na kan ƙasar. Abin da mutum ɗaya ya riƙe ba ya irin wannan daɗewa.

Wasu kuma suna cewa kuɗi ne da rediyo. Gaskiya ne sarkin fili yana tafiya gida da takobi da doki da rawani da miliyoyin sefa, kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa wasan kai tsaye. To amma ƙwallon ƙafa ma ana watsawa, ba ta hana kasuwa ci a Maraɗi.

Ni abin da na riƙe shi ne tsarin gasar. Kowace jiha cikin takwas tana zuwa da mutum goma, 'yan kokawa 80 ke nan. Ana haɗa jiha da jiha, yau Tawa da Difa, gobe Tawa da Yamai. Duk wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, amma bai fita daga wasa ba. Gobe zai dawo fili, aikinsa ya kayar da gwanin wata jiha don ya share wa nasu hanya. A nan daɗin yake. Yaron da ba wanda ya san sunansa, wanda tun ranar farko ya sha ƙasa, shi ne zai iya tsinke wa babban zakara buri a rana ta biyar, jiharsu ta ɗauke shi a kafaɗa. Ga masaukin gasar yana zagayawa, kowace jiha na jiran shekararta. Ga makaɗa irin su Sagalo, ga 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokawa suna ba mutane dariya, ga layu da guraye da rubutun sha da kowace tawaga ke zuwa da su. Mutum ɗaya ke karɓar takobi, amma jiha ce ta ci. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauke shi sau shida, kuma duk lokacin Dosawa cewa suke "mun ci".

Ko 'yan resilin na Meksiko, da wasansu shiryayye ne an san wanda zai ci tun kafin a hau dandamali, sun gano daɗin wasan ƙungiya. Da suka ga 'yan kallo sun fi ɗokin karawar uku da uku, sai suka ƙirƙiro mata kambun ƙasa a 1985. Los Infernales suka fara ɗauka bayan sun doke Los Brazos, 'yan gida ɗaya su uku. A 1991 kamfanin CMLL ya ƙara wani kambun, kuma ƙungiyoyin nan biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe.

Ba sai mun je nesa ba ma. Me ya riƙe damben Ado Bayero Square a Sabon Gari in ba ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ba? Ɗan kallo ɓangarensa yake bi ko da gwaninsu ya tsufa. Kokawarmu ce ta rasa wannan gata. Tana cikin Bikin Wasanni na Ƙasa, tana fitowa a Argungu, amma sai a yi a watse ba wanda ya riƙe sunan zakara. A Maris 2025 an yi gasar kokawar ECOWAS a Abuja, Senegal ta ɗauki kofin ƙungiya, Nijar kuwa ta riga ta fice daga ECOWAS tun Janairu. Mutum nawa ne a Tarauni suka san an yi?

Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma 'yan kokawa ba su ƙare a karkararta ba. Kira nake ga Hukumar Wasanni ta Jihar Kano da masarauta: a tsayar da lokaci ɗaya bayan girbi, a raba jihar shiyya-shiyya, kowace ta kawo gomanta, masauki ya riƙa zagayawa. In ana neman masu koya mana yadda ake yi, daga Kano zuwa Maraɗi tafiyar yini ɗaya ce.