Kusan Shekara Dubu Kafin a Tambayi Mata: Ciwon Sukari da Mu'amalar Aure

A wajejen shekarar 1025 ne Ibn Sina ya kammala babban littafinsa na likitanci, Al-Ƙanun. A cikinsa ya bayyana cutar da muke kira ciwon sukari, ya ambaci zaƙin fitsari da yawan ci da ruɓewar gaɓoɓi, ya kuma haɗa da raunin mu'amalar aure. Likitocin da suka biyo bayansa sun yi ta rubutu kan wannan rauni, amma kusan dukkansu namiji suke nufi. Mace kuwa, haihuwarta kawai ake dubawa.

Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, da wuya mace mai tsananin ciwon sukari ta ɗauki ciki, balle ta haihu lafiya. Da maganin ya samu, sai hankali ya koma kan ceton uwa da jariri. Dakta Priscilla White ta asibitin Joslin da ke Boston ta yi fice a wannan fage, har ta fitar da tsarin rarraba masu juna biyu da ke da ciwon a 1949. Aiki ne da ya ceci rayuka masu yawa, sai dai babu wanda ya tambayi matar yadda take ji a shimfiɗar aurenta.

Sai a 1971 Robert Kolodny, abokin aikin Masters da Johnson a Amurka, ya yi wannan tambaya. Ya tattauna da mata 125 masu ciwon sukari da wasu 100 da ba su da shi. Kimanin kashi 35 cikin ɗari na masu ciwon suka ce sun shekara ba su samu gamsuwa ba, alhali kashi 6 ne kacal suka faɗi haka a ɗaya rukunin. A 1977 Max Ellenberg na New York ya ba da rahoto saɓanin haka. Gardama ta daɗe, domin kowane mai bincike da irin tambayarsa, kuma matsalar mace ba ta bayyana a ido kamar ta namiji.

Fitowar Viagra a 1998 ta sake tayar da zancen: idan an sama wa maza magani, ina na mata? A 1999 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa binciken da ya nuna kashi 43 na mata na kokawa da wata matsala a wannan fanni, maza kuwa kashi 31. A 2000 aka samar da ma'auni mai tambayoyi 19 da ke duba sha'awa, motsuwar jiki, ni'ima, kaiwa ga biyan buƙata, gamsuwa da kuma zafi. Da wannan ma'auni aka binciki mata masu nau'in farko na ciwon sukari a 2009, aka tarar kashi 35 na da matsala, kuma ciwon damuwa ne ya fi alaƙa da ita.

Abin da aka fahimta a yau shi ne, sukarin da ya daɗe yana hauhawa yakan lalata ƙananan magudanan jini da jijiyoyin ji. Jini ya ragu a gaban mace, ni'ima ta ɗauke, saduwa ta koma zafi. Zaƙin jiki kuma yana kiran ƙaiƙayi da ciwon mafitsara. Hawan jini da ciwon ƙoda da ciwon zuciya su ma ta magudanan jini suke ɓarna, ga gajiya da fargaba.

Magunguna ma suna da hannu, kuma nan ne mu masu harhaɗa su muke da ta cewa. Fluoxetine da dangoginsa na ciwon damuwa kan rage sha'awa su jinkirta gamsuwa. Wasu magungunan hawan jini kan yi haka. Dapagliflozin da empagliflozin, da yake ta fitsari suke fitar da sukari, sukan ƙara ƙaiƙayin gaba. Flibanserin da Amurka ta amince da shi a 2015 kuwa, an ware shi ne ga matan da raguwar sha'awarsu ba wata cuta ko magani ce ta jawo ta ba, don haka ba shi ne mafitar mai ciwon sukari ba.

A ƙasar Hausa, shirun da likitanci ya yi masu sayar da kayan mata ne suka cike shi. Yawancin haɗin nan, gumba ce ko tsumi, da zuma da dabino da rake ake yin su. Mai ciwon sukari da ta dimance su tana ƙara wa wutar fetur ne, domin zaƙin da ya ɗauke ni'imar shi take ƙarawa.

'Yar'uwa, idan wannan ya shafe ki, kada ki ajiye maganinki a ɓoye. Ki sanar da likita ko mai ba ki magani, kina iya neman a haɗa ki da ma'aikaciya mace. Sau da yawa daidaita sukari, ko sauya ƙwaya, ko man sanya santsi na kantin magani, ko maganin damuwa, yakan kawo sauƙi. Kai kuma maigida, kafin ka ɗauka ƙi ne ko raini, raka ta asibiti a auna jininta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa ake liƙewa.